Kiran Da Ba Ta Rubuta Ba

Humaira na kokawar raba ƴarta Hawwa da kwalbar lemon da wani ya miƙa mata, sai ɗakin ya kaure da tafi. Ba sai ta ɗago ba, ta san Afra ce ta shigo.

Shagon gem ne na Husam, a saman wani mai gyaran waya a unguwar Abbasiya ta Alƙahira. Samari ne cike, yawancinsu ɗalibai, kowa da ƴar na'urar wasansa a hannu. Abin da ya tara su da yammacin nan gem ɗaya ne mai suna *Ina Bakri?*, labarin wani tsohon ɗan sanda da ke bin sawun yaron da aka sace a kasuwa. Wani Bamisire, Osama, shi ya ƙera shi a ɗan ofishinsa na Wustul Balad. Da bai yi kasuwa da Larabci ba, sai ya gwada fitar da shi da Hausa. Humaira ce ta zuba masa Hausar, tsakanin girki da wanki, a kwamfutar mijinta. Afra kuwa, maƙwabciyarta a Ainu Shams, Bahaushiyar Sudan, ita ta yi muryar uwar yaron.

"Khalti Afra!" Hawwa ta fizge hannunta ta ruga wajen antin tata.

"Hawwa! Hawwa'u habibti!" Afra ta ɗaga ta sama, tana sumbatar kumatunta.

Humaira ta bi su da ido, riƙe da kwalbar lemon. Shekarar yarinyar huɗu, ƴar farinta ce, kuma tunda ta haife ta ba ta taɓa furta sunanta ba. Haka ta ga uwarta ta yi da yayanta a Katsina, haka kakarta ta yi. "Ke" take ce mata, a gaban mutane kuma "yarinyar nan". Kunya ce, kuma a wajen Humaira kunya ba ta rage komai a cikin so.

Husam ya buga tebur. Iyayensa mutanen Sudan ne, amma a Alƙahira ya girma. "Wallahi ya jama'a, ni uwar na zarga. Tun farko na ce ita ce. An sace miki ɗa, ana tambayarki, ke sai 'yaron nan', sai 'shi wannan'? Ko sau ɗaya ba ta ce Bakri ba! Na yi ta kai ta wurin ƴan sanda, gem ɗin na ta ce min na faɗi."

"Kai dai Hausarka ta sha shayin Masar har ta tsinke," in ji Benjamin, ɗan wani ma'aikacin ofishin jakadanci. "Ɗan fari ne, malam! A Zariya muna da maƙwabciya, har ɗanta ya yi furfura ban ji ta kira sunansa ba. Ni ina jin 'yaron nan' na san wanda ya rubuta abin nan ɗan gida ne."

Wani ɗumi ya ratsa ƙirjin Humaira. Wannan nata ne. A Larabcin, uwar kiran Bakri take yi a kowace jimla, ita ce ta bi ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara mayafinta, tana jira.

"Shi ya sa ƙarshen ya gama da ni," Benjamin ya ci gaba. "Matar da ta danne sunan nan tun daga farko, tana hango yaron a bakin gada sai ta saki murya. Bakriii! Na rantse muku, a cikin jirgin metro nake, na kife na'urar a cinya kar a ga idona."

"Ni da na riga na tsane ta ma sai da na nemi gafararta," in ji Husam. "Afra, yalla, ki maimaita mana."

"Khalas, ku bar ni," Afra ta ce tana dariya.

Ɗumin nan ya koma wani abu mai ɗaci. A rubutun Humaira, uwar zama take yi a ƙasa, ta rufe fuska, ta ce alhamdulillahi. Iyakarta ke nan. Ranar ɗaukar murya Afra ta kauce wa takardar ta ƙwalla kiran, Osama kuma ya ce a bar shi haka. Humaira ta yi gardama har a waya, bai saurare ta ba. Yanzu ga shi, a duk watannin da ta yi tana aikin, abin da ke bakin kowa shi ne kalma ɗaya da ba ita ta rubuta ba.

Da a shagon abin ya tsaya ma da sauƙi. A gida Hawwa ta haddace wurin, don babanta ya sha kunna shi. Sai ta ɓoye ƴar tsanarta a bayan labule, ta tsaya tsakar ɗaki tana kiran Bakri da muryar Afra sak.

Afra ta ratso mutane, Hawwa a kafaɗarta, ta kamo hannun Humaira. "Ya shabab, kuna ta Afra, Afra. Ga Maman Hawwa, ita ta rubuta duk abin da kuka ji."

Aka tafa, tafi na ladabi, irin wanda ake yi wa babban baƙo.

"Sannu da aiki, Anti," in ji Benjamin. "Ashe ke kika sa mu kuka. Yaya aka yi kiran nan ya zo miki?"

Humaira ta ga Afra na yi mata alama da ido, ta karɓa kawai, ba wanda zai sani. Wannan kyautar ta fi komai ƙona mata rai.

"Ba ni ba ce," ta ce. "Ita ta ƙara."

Samarin suka koma kan na'urorinsu, aka ci gaba da musu a kan ko mai sayar da ful, dafaffen wake, na cikin gem ɗin yana da hannu a satar. Humaira ta miƙa hannu ta karɓi ƴarta.

"Ma'alish, ya Humaira," Afra ta ce ƙasa-ƙasa. "Na san har yau abin na ranki."

"Ba komai. Sai dai a wajenmu uwa ba ta haka. Kin sa ta zubar da kunyarta a bainar jama'a."

Afra ta ce, "Ranar da yaƙi ya fito da mu daga Omdurman, a tashar mota, kowace uwa suna take kira. Ba ka jin komai sai sunaye. Da na zo wurin nan a takardarki, abin da ya dawo min kunne ke nan. Ban yi don in ɓata miki aiki ba."

Humaira ta saɓa jakarta a kafaɗa. Ta ce magariba ta kusa, ba ta son cunkoson metro da yarinya. Hawwa ta yi kukan a bar ta da Khalti Afra tun daga matattakala har bakin titi.

A taragon mata wata dattijuwa ta matsa musu. Humaira ta ɗora Hawwa a cinya, ta zagaye cikinta da hannu ɗaya kamar kullum, ɗayan na riƙe da jaka. Kukan ya lafa, saura ajiyar zuciya.

"Mama."

"Na'am."

"In ɓarawo ya ɗauke ni, me za ki kira?"

"Ba mai ɗauke ki. Ba ki ga na riƙe ki ba?"

"In ya ɗauke ni fa? Ke da ba ki san sunana ba."

Humaira ta ƙara matse ta a jikinta. Ita da ta yi kwana biyu tana naƙudar yarinyar nan a ƙasar da ba ta da kowa. Ta dubi matan taragon. Misirawa ne duka, wata na ɓare lemon zaƙi, wata na faɗa a waya. Babu uwarta a nan, babu gwaggo, babu wanda zai riƙe baki. Duk da haka harshenta ya yi nauyi, sai da jirgin ya tsaya a wata tasha ya sake tashi.

Ta sunkuya daidai kunnen yarinyar. "Hawwa."

Hawwa ta zabura. Ta leƙa bayan uwarta, ta leƙa wajen ƙofa, fuskarta ta washe. "Khalti Afra ta biyo mu?"

Humaira ta girgiza kai. Ta sa yatsu biyu ta juyo da haɓar yarinyar, yadda za ta ga bakin da ke maganar.

"Ni ce," ta ce. "Hawwa. Hawwa'u. Tashi zaune sosai, mun kusa sauka."