Idon Baba na Dama

"Kai mai babur, titin na gidanku ne? Matsa daga dama!"

Rediyo ne ya kwarma ihun, yana rataye a ƙofar bas, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan yana dukan jikin motar. Baba Direba ya ɗan karkatar da sitiyari hagu, babur ɗin ya wuce lafiya, fasinjoji suka kwashe da dariya.

"Wannan bawan Allah bakinsa ba ya ciwo ne?" in ji wata mata daga kujerar baya.

"Hajiya, da shi nake ci," Rediyo ya ce.

Duk layin an san shi da tsiwa. Mai baro, mai keke, akuya, ramin titi, ba wanda ya tsira daga bakinsa. Abin da ba a sani ba shi ne, ba da su yake ba, da Baba yake. Idon tsohon na dama ya daɗe da yin hazo, yanzu ma na hagun ya fara bin sawu. Rediyo ya gano haka ne wata safiya da ya miƙa masa kofin shayi ta dama, Baba ya kai hannu ya damƙi iska. Washegari Rediyo, wanda da can sai a yini ba a ji muryarsa ba, ya fara zagin duk abin da ya matso gefen dama na motar. Daga nan ya samo sunan.

Ya haura arba'in, gemunsa ya fara furfura, amma har yau yaron mota ake ce masa. Tsararrakinsa duk sun hau kujerar gaba. Ƙanensa, wanda shi ya koya wa yadda ake ja da baya, tirela yake ja yanzu, har yana aiko wa 'ya'yan Rediyo takalman makaranta. Kullum kayan suka zo sai ya yi godiya da fara'a, sannan ya fita ƙofar gida ya daɗe a tsaye.

Jiya manajan kamfani ya tsare shi a bakin gareji. Sababbin motoci sun iso, kujerar direba ɗaya ta rage, gwaji yau da la'asar. "Ka iya tuƙi, kowa ya sani. Can baya ka ce mini ciwon ciki, daga baya ka ce rasuwa aka yi. In ka zille wannan karon, na cire ka daga lissafi, shekarunka ma sun kusa wuce ƙa'ida."

Matarsa kuwa da safe tana ɗaure wa autarsu takalmi ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baban yara, in cikin nan naka ya sake murɗawa yau, ka faɗa mini, ni zan je in yi musu gwajin."

Ya yi dariya, amma maganar ta bi shi har tasha. Yana son kujerar nan, so na haƙiƙa, har mafarkinta yake yi. Sai dai ya san in ya bar ƙofar nan, wanda za a haɗa da Baba ba zai yi sati ba asiri zai tonu. Baba ne ya ɗauke shi aiki lokacin da ba shi da kowa, shi ya tsaya masa wajen neman aure, ga kuma jikoki marayu a gidan tsohon suna jiran abin da zai kawo.

Da azahar suka shigo kwanar kasuwa. Wani mai baro ya turo lodin kwalaben lemo daga dama, kansa a sunkuye. Rediyo ya gan shi sarai, tun daga nesa. Ya buɗe baki, sai wani tunani ya rigaye muryarsa: in aka buge baron nan, shi ke nan, asirin idon Baba ya tonu ba da bakina ba. Ya rufe bakin.

Ƙarar ta cika kasuwar. Baro ya kife, kwalabe suka tarwatse, mutumin ya faɗi gefen kwata yana riƙe da ƙafa. Sai a sannan Rediyo ya ga bayan baron akwai wata mata da goyo, wadda ta ja da baya da ƙyar, taki ɗaya tsakaninta da tayar motar. Ya diro ya ɗaga mai baron, gwiwa ce ta goge, jini kaɗan. Mutane suka taru ana ta Allah ya kiyaye, wasu na cewa laifin mai baro ne da bai duba ba. Rediyo ya yi ta tsince fasassun kwalabe da hannu har suka yanke shi, bai ma ji ba.

Da aka sasanta suka koma mota, Baba bai tayar ba nan take. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuskarsa na kallon gaba.

"Ɗazu shiru ka yi," ya ce a hankali.

"Ban gan shi ba, Baba."

"To," in ji tsohon, ya murɗa makulli.

Wannan "to" ɗin ta fi mari zafi. Har suka sauke fasinjan ƙarshe Rediyo yana ta ihu fiye da kullum, yana zagin abin da ya kai da wanda bai kai ba, amma ba wanda ya yi dariya.

A gareji ya nufi ofis da niyyar cewa ya fasa. Manaja bai bar shi ya buɗe baki ba. "Yauwa, ka zo. Mai gwajin bai samu zuwa ba. Baba, ai kai ne babba a nan, hau ka zauna kusa da shi ku zaga, ka dawo ka gaya mini abin da ka gani."

Makanikai suka bar aiki suka jeru suna tsokana. "Rediyo, yau wa za ka zaga? Kanka?"

Ya hau. Kujerar sabuwa ce, ledarta ma ba a cire ba. Ya fita da motar daga gareji, ya bi ta shataletale, ya hau gada, ya ratsa cunkoson bakin asibiti. Hannunsa da ya yanke yana ta zugi a kan sitiyari. Baba na zaune gefensa, kansa a jingine, idanunsa a rufe.

"Baba," ya ce da suka tsaya a danja, "ɗazu na gan shi."

"Na sani. Sauya giya, an ba ka hannu, na ji na bayanka suna hon."

Suka dawo gareji. Rediyo ya shigar da motar da baya tsakanin wasu biyu, ya kashe. Manaja ya matso yana goge gilashinsa.

"To Baba, me ka gani?"

Tsohon ya sauko a hankali, yana laluben matakala da ƙafa.

"Ranka ya daɗe, ban ga komai ba."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne.

"Ba wasa nake ba. Wannan idon ya tafi tuntuni, ɗan'uwansa ma yana haɗa kaya. Yau saura ƙiris in taka mace da goyo. Amma ka ba shi motar. Shekarun nan duk shi yake tuƙa tawa da baki, ni riƙon sitiyari kawai nake." Ya zaro makullin tsohuwar motar daga aljihu ya miƙa, sai dai ya miƙa shi gefen da ba kowa. Manaja ya zagayo ya karɓa.

Rediyo ya raka shi bakin titi. Makullin sabuwar motar na aljihunsa, yana jin nauyinsa a cinya.

"Baba, ka yafe mini."

"Kai, rabu da ni. Na riƙe ka a ƙofar mota har ka yi furfura, ina sane, sannan kai ne mai neman gafara?" Ya gyara hularsa. "Gobe ka ce su haɗa ka da wanda ba shi da surutu, kai ma ka ji daɗin duniya."

"Yaran gida fa?"

"Allah na nan. Duba mini, waccan motar mai zuwa ta unguwarmu ce?"

"Ita ce."

Ya tsayar da ita, ya kama hannun tsohon ya hau da shi, ya roƙi wani saurayi ya tashi ya ba shi wuri, sannan ya sauko. Motar ta ja. Wayarsa ta fara ƙara a aljihu, matarsa ce, ya san labarin da take jira. Ya tsaya yana kallon sunanta a jikin wayar har ta katse.