Sunan Ɗan Fari

Ma'aikaciyar jinya ta gyara robar ƙarin ruwa, ta yi 'yar magana da Faransanci, ta fita. Suhaila ta juyo wajen surukarta.

"Inna, ta ce allurar barcin ta daɗe ba ta sake shi ba. Wai a riƙa kiran sunansa, muryar da ya saba da ita ce za ta jawo shi."

Hajiya Zouera ta sunkuyar da kai. Tana Paris, gidan ƙaninta a unguwar Château Rouge, tana jinyar ido, aka ce an shiga da Habibou tiyata a Lyon. Da sassafe ta hau jirgin ƙasa. Shi ne ɗanta na fari, kuma shekara talatin da huɗu ba ta taɓa furta sunansa ba. A Maradi "wancan" take ce masa. Ko ranar da zai taho karatu, ƙanwarta ce ta raka shi tasha.

Suhaila ta fara da "Chéri," wato masoyi, sai ta tuna wadda ke zaune, ta koma "Baban Najla." Ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Bai motsa ba.

Ta saci kallon tsohuwar, ta miƙe. "Bari in samo mana kafe, Inna. Wurin da nisa, zan ɗan jima."

A cikinsu babu mai shan kafe.

Hajiya ta jira ƙofar ta rufu, sannan ta jawo kujera. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ɗora hannu a goshinsa.

"Habibou," ta ce a hankali. "Habibou. Tashi mana, ka ji?"

Ya ji. Muryar ya san ta tun yana goye, amma bai taɓa jin ta ɗauke da wannan suna ba. Ya so ya buɗe ido, sai ya tuna idan suka haɗa ido ba za ta san inda za ta sa fuskarta ba. Ya motsa mata yatsu kawai, ya bar idanun a rufe har ya ji takun matarsa.

Ko da ya buɗe su, Inna tana bakin taga tana kallon motoci.

"Ke, ga wancan ya farka," in ji ta, ba tare da ta waiwayo ba. "Kiran da kika yi ta yi ne ya isa gare shi."

"Haka ne, Inna," Habibou ya ce da ƙyar. "Muryarta na ji."

Suhaila ta ajiye kofunan.