Ot Irin na Ranar Talata

…kuma kada wuta ta yi yawa. Ina jin ita ta ɓata na jiya. Ko ayabar ce ba ta gama nuna ba? A'a, ta nuna, har ɗigo-ɗigon baƙi ta yi a ɓawo, sak irin ta ranar Talata. To wutar ce.

A rage. Ƙasa-ƙasa, har ta kwanta ta yi shuɗi.

Busasshiyar tukunya tukuna, ba ruwa ba mai. Ot, hatsin Turawan nan, kofi ɗaya, ƙaramin kofin nan mai karyayyen hannu, don da shi na auna ranar. A juya da cokalin katako, a juya… Mutane ruwan zafi kawai suke kwara masa, shi ya sa yake fitowa da yauƙi da warin kwali, yaro ya kawar da kai. Sai an ɗan soya shi haka a bushe, ya fara ƙamshi kamar gyaɗa a kasko. Ni ma ba wanda ya koya mini. Mantuwa ce. Na ɗora ranar Talata, na tafi neman safar makarantar babbar 'yata Lauya, na dawo na tarar ya yi ja-ja, na ce shi ke nan na yi asara — ashe shi ne.

Ashe shi ne Auta za ta cinye. Tas. Har da kankare gefen kwano.

Auta tawa. Shekara bakwai, amma in na ɗauke ta sai in ji kamar filo na ɗauka. Tun zazzaɓin da ya kwantar da ita a asibiti. Zazzaɓin ya tafi, ya tafi da cin abincinta, ya bar mini ido biyu da wuya kamar sillen kara. Jibi za mu koma. Likitan bai ɗaga murya ba, biro ma yake juyawa a hannu. "Maman Auta, in ma'aunin nan bai motsa ba, sai dai mu sake riƙe ta, mu sa mata roba ta hanci." Roba ta hanci. Na ga yaron gadon kusa da namu, an ɗaure masa hannuwa da bandeji don kada ya fizge…

A'a. Ba yanzu ba. Tukunya.

Ya yi ƙamshi. Ruwa, a hankali, ana juyawa — in ka kwara gaba ɗaya gudaji zai yi, Auta kuwa in harshenta ya taɓa gudaji ɗaya an gama. Madara daga baya. Gishiri ɗan mitsitsi, iya abin da yatsu biyu za su ɗauka. Wa zai ce abu mai zaƙi yana son gishiri? Amma in babu shi salam yake, ko zuma nawa ka zuba.

Ga shi yana ɓul… ɓul… Ina son wannan ƙarar. Duk gidan ita ce kaɗai ba ta tambayata komai.

Babansu jiya a waya, daga can wurin aikinsa, ana jin ƙarar injuna a bayansa. "Ke ma kin cika sa abu a rai. Ki ƙyale ta, yunwa za ta kawo ta." In ƙyale ta. Shi da ba shi yake mata wanka ba. Ba shi yake jin haƙarƙari a ƙarƙashin soso ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar kana shafa kwando. Na ce masa to. Me zan ce? Mutum yana nesa, ka ƙara masa da me?

Ayaba. A murƙushe ta da cokali mai yatsu har ta zama kamar man shafawa, a zuba tun yana kan wuta, ta narke a ciki. Ba a yanka a jera a sama ba. Na gwada wannan, Allah Ya sani na gwada. Matar nan ta cikin waya mai farin kicin, komai nata yana ƙyalli, ta yi wa kwano fuska: ido biyu na ayaba, hanci na dabino, baki na zuma. 'Ya'yanta suna tafi. Ni da ban yi nisa a boko ba, rabin abin da take faɗa ban gane ba, amma hannunta na bi. Na ɓata lokaci ina gyara idon, har da ɗigon zabibi a tsakiya. Na ajiye gaban Auta ina murmushi. Ta duba. Ta ɗauki faranti ta kife a kai.

"Umma, kallona yake yi."

Lauya har da faɗowa daga kujera don dariya. Yarinyar nan. Shekara goma sha biyu, ba a taɓa kayar da ita a magana ba, shi ya sa sunan ya bi ta. Ita komai aka ba ta ci take, ban da ayaba. "Umma, ot ɗin nan fa ya kusa fara gaishe mu da safe. Ko mu sa shi a makaranta?" Ja'ira.

Kirfa. Ranar Talata na sa kirfa? Na sa… ina jin na sa. Gwangwanin yana kan kantar kicin a buɗe da na dawo, wannan na tuna. Ko Lauya ce ta buɗe? To a sa kaɗan. Jiya na sa da yawa, shekaranjiya ban sa ba sam, duk ɗaya: cokali biyu, na uku ya tsaya a kumatu, ta riƙe shi can kamar ajiya, har ya zama ruwa, tana kallon teburi.

Me na rage? Inna, da kina raye da na tambaye ki. Me na rage?

Kwanon ne dai, shuɗin, mai ɗan tsagi a baki. Cokalin ne, ƙaramin mai zanen fure. Ayabar wurin mai kayan marmarin bakin titi, shi ɗin dai, har yana tsokanata wai ko biri na ajiye a gida. Madarar ita ce. Kujerarta ta jikin taga. Jiya — kada kowa ya ji — har zanen da na ɗaura ranar Talata na nemo a kwandon wanki na sake ɗaurawa. Mace da furfura ta fara leƙo mata. Zane! Kamar zane ne zai buɗe wa yarinya baki.

Ya yi kauri. A ɗaga cokali a gani… yana zuba a hankali, ba ya tsinkewa. Haka. A kashe wuta, a rufe, a bar shi ya huce da kansa. Ba ta son a fifita mata, wai iskar tana sa masa fata a sama.

Ke kam, Inna, ba ki san wannan ba. Ki dire mana kwano, ki juya, kina can bakin famfo da tulin wanki, bayanki kawai muke gani da kafaɗunki suna hawa suna sauka. Ba ki taɓa cewa "kun ƙoshi?" ba. Ba ki taɓa cewa "ƙara ɗaya" ba. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina, kin sani? Na ce ni in na haifa, ba zan juya wa ɗana baya yana cin abinci ba. Zan zauna. Zan ga kowace loma ta wuce.

Kuma ina zama. Wallahi ina zama. Tun asibiti ban taɓa fashi ba. In ja kujera dab da ita, gwiwata tana taɓa tata, tawul a kafaɗa, ruwa a hannu. Yauwa 'yar albarka. Ɗaya don Umma. Ɗaya don Baba. Haɗiye mana. Haɗiye, Auta, ki taimake ni…

Lauya ta ce wai bakina yana buɗewa. Wai in Auta ta ɗaga cokali sai in yi haaa, in ta rufe in rufe, har da taunawa. Ta kwaikwaya mini a tsakar ɗaki, da tawul a kafaɗa da ido waje. "Haka kike, Umma, wallahi, kamar mai gadin jarrabawa." Na ce ta ɓace mini da gani kafin in saɓa mata. Auta ba ta yi dariya ba. Ita kaɗai ba ta yi ba.

Ruwa ya tsaya a banɗaki. Sun gama wanka. Ga muryar Lauya tana neman ɗankwali, kullum sai an nemi wani abu a gidan nan.

A zuba. Na Lauya tun kafin ayaba na kwashe shi, yana can a rufe, dabino kawai za a yanka mata. Na Auta rabin kwano — in ya cika tsoro yake ba ta. Zuma siririya a sama, a zagaya. Ranar Talata ma haka na yi, ina tsaye a nan, daidai nan, na ɗauka na kai teburi, na ajiye a gabanta, na ja kujera zan zauna, sai ga bugun ƙofa kamar za a ɓalle ta. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyata, zane a jiƙe har gwiwa. "Maman Auta, ki rufa mini asiri, famfo ya fashe, ruwa ya kai ƙarƙashin gado!" Na fita da gudu ko takalmi babu. Muka yi ta kwasa da bokiti, muna ɗaga katifa, tana zagin mai gyaran famfo har kakanninsa, ni kuwa raina yana nan, ina cewa ya huce, ya yi fata, yau ko cokali ɗaya ba za a samu ba. Na dawo jiƙe sharkaf.

Kwano fes.

Na ce Lauya ce. Ta ce, "Ni? Ayaba? Allah Ya kiyaye, Umma, ko biyana za a yi." Na duba kwandon shara. Na leƙa bayan taga. Na ɗaga labule. Sai na ga haɓar Auta, ga shi nan ya bushe a gefen baki, tana zaune tana kaɗa ƙafa, tana rera wani abu ƙasa-ƙasa. Rabona da jin ta tana waƙa… Na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Na ce na samo. Soyawa ce, da ayaba a ciki. Na samo.

Tun ranar nake ta maimaitawa. Kofin, kwanon, cokalin, wutar, zanen. Komai na ranar na dawo da shi, babu abin da ya rage, sai dai in fasa wa Maman 'Yan Biyu famfo, in —

In fita.

…

A'a.

Ba abin da na rage ba ne ke nan. Abin da na ƙara ne. Akwai abu ɗaya a ɗakin nan jiya da shekaranjiya wanda babu shi ranar Talata, yana zaune dab da ita, da tawul a kafaɗa.

Idon ayaba ma sai da ta kife shi da faranti. Ni da me za ta kife ni?

A'a, ba haka ba ne. Uwa ce ni. Wa ya kwana a ƙasan gadon asibiti a kan kwali? Wa ya riƙe hannun da aka yi ta soka wa allura ana neman jijiya? Yanzu a ce ni ce… Kai. Wataƙila yunwa ce ta kama ta ranar. Wataƙila kirfar ce. Sau ɗaya ne fa, sau ɗaya ba ya zama hujja, Lauya ma za ta faɗa.

Amma ƙafar nan da take kaɗawa. A gabana ba ta kaɗa ƙafa. A gabana zama take kamar a layin allura.

Inna… da gangan kike juya baya? Wankin nan da ba ya ƙarewa sai mun gama ci — da gangan ne? Kina jin mu? Kina sauraron ƙarar kwano ta bayanki, kina cuɗa rigar da ta riga ta fita? Ko kuwa ni ce nake ƙirƙira miki, don ina neman wanda zai ce mini in yi?

Ga su nan. Takun Lauya, dim-dim. Na Auta ba a ji, sai dai ka ga inuwa.

"Ina kwana, Umma."

Lafiya lau. Ga naku nan.

Na ajiye. Hannuna ya kai kan kujerar da kansa — bari. Bari, na ce. Tawul ɗin ma a sauke shi. Auta ta ɗago tana dubana, tana jiran in zauna, ta riga ta ƙanƙame kafaɗu. Dubi yadda ta ƙanƙame su. Kullum haka take yi? Kullum, ban gani ba, ni da ba na ɗauke ido?

Ina da wanke-wanke, na ce. Ba wanda ya tambaye ni.

Famfo. Tukunya. Soso. Tukunyar ba ta kama ba, shafa biyu ta fita. A sake wanke ta. A wanke cokalin katako. A wanke kofin da ot kawai ya taɓa. Jibi ne fa. Safiyar yau da ta gobe, su ke nan gare ni, in na yi kuskure na zubar da ɗaya a banza, ba ko cokali biyun nan da nake samu da roƙo. Cokali biyu ma wani abu ne. Ko ba komai ba ne?

Ruwan yana hana ni ji. In na kashe za ta san saurare nake.

Murfin tukunyar yana ƙyalli. In na ɗan karkata shi haka, teburin zai fito a ciki, ɗan ƙarami, da taga, da kanta… Kaɗan kawai. Ba za ta sani ba.

Za ta sani.

A kife shi.

Wuyana ya ƙage. Ban san juya baya aiki ne ba, Inna. Lauya fa? Me take gani?

Ƙas.

Cokali ne ya taɓa kwano. Na wa? Na Lauya babba ne, ƙararsa ta fi haka nauyi… ko? Ɗauka aka yi, ko ajiyewa?

Bakina a buɗe yake. Ga ni ina kallon bango, bakina a buɗe.

A rufe. A sake wanke tukunyar.