Kaskon da Ya Ƙetaro Kogi

Jihar Kentucky ta yi abin da uwa mai hankali ba za ta yi ba: ta raba 'ya'yanta gida biyu, ta miƙa wa kowane ɓangare bindiga. Da yaƙin basasa ya ɓarke, rundunonin sojan ƙasa suka riƙa fita daga ƙauyukanta, wasu da shuɗiyar rigar Arewa, wasu da riga ruwan toka ta Kudu. Gidan Pruitt ma bai tsira ba. Asa, babban ɗa, ya sa shuɗiya. Ƙanensa Lemuel, wanda tun yana rarrafe in an ce masa gabas sai ya nufi yamma, ya dira ta taga ya bi 'yan Kudu.

A wata gonar masara ta jihar Tennessee abin ya faru. Hayaƙi ya turnuƙe, ba ka ganin ko tafin hannunka. Da hayaƙin ya ɗan yaye, Asa ya hangi wani mai riga ruwan toka ya taho a guje, ya auna ƙirjinsa, ya ja kunama. Mutumin na faɗuwa hularsa ta tashi, sai ga jan gashi irin na gidansu, wanda duk gundumar babu mai kamarsa. Kafin ya buɗe baki aka busa ƙahon ja da baya, jama'a suka kwashe shi suka yi gaba.

Tun daga ranar Asa bai sake zama mutum ba. Ya rame, ya daina magana, in ya rufe ido hular nan ce ke tashi. Saje Tolliver kaɗai ya gaya wa, wani dattijo da ke ƙira a garinsu kafin yaƙi.

"Kai kaɗai ke da ƙane mai jan kai a duniya?" in ji Saje. "Ka ga fuskarsa?"

"Ban gani ba, Saje. Amma jikina ya ba ni."

"Jikinka! Jikin da ko wake ba ya iya riƙewa?"

Da damina ta ja baya aka kai rundunarsu gadin wani ɗan kogi, 'yan Kudu na ɗaya gaɓar. Su masu gadi kuwa suna da tasu dokar da ba janar ɗin da ya kafa ta. Ba a harbin mai ɗibar ruwa, ba a harbin mai wanki. 'Yan Arewa na da gahawa ba su da taba, 'yan Kudu na da taba har ta yi musu yawa amma gasasshiyar masara suke dafawa suna kiranta gahawa. Don haka sai a fafe guntun katako, a kafa masa ƙyallen tsohuwar riga, a ɗora kaya, iska ta tura shi ƙetare. In hafsa ya doso, a yi wa juna fito, kowa ya koma bayan itace ya ɗaure fuska kamar da gaske.

Wata hantsi Saje ya sa hannu a baki ya ƙwala kira.

"Kai mai toka! Akwai taba?"

Wani dogo mai gemu ya leƙo daga cikin ciyawa. "Akwai, in gahawarku ba rabinta ƙasa ba ce irin ta jiya! Ku 'yan ina ne?"

"Kentucky!"

"Kai, tafi can! Mu ma Kentucky! Ashe ɓarayin kajin maƙwabta ne!"

Asa ya ɗago kai. Ya daɗe yana neman wanda zai tambaya, yau ga shi, sai kuma ya ji ya fi son zama cikin rashin sani. Saje ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Tambaye shi mana."

"In ya ce ya mutu fa?"

"To ka san abin da kake wa kuka. Yanzu kuwa kana ta ƙonewa a banza, kana hana mu sakewa."

Asa ya juye gahawarsa duka a kan katakon, ya tura shi ruwa. Sai da katakon ya kai tsakiya sannan ya ɗaga murya.

"Malam! Kuna da wani Pruitt? Lemuel Pruitt, mai jan gashi?"

Dogon ya daina dariya. "Wanda aka harba a gonar masara?"

"Shi."

"Kai wane ne nasa?"

"Wansa ne."

Mutumin ya dube shi. Ya ɗauki gahawar, ya juya, ya shige cikin itatuwa.

Wannan jira, ko maƙiyinka ba ka so masa shi. Asa ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Can dogon ya dawo, ya durƙusa bakin ruwa, ya ɗora wani abu baƙi a kan katakon, ya sako shi. Nauyin abin har ya sa ruwa na hawa kansa. Asa bai iya jira ba, ya faɗa kogin har ƙugu ya tare shi.

Ba taba ba ce. Ɗan kaskon suya ne na ƙarfe, mariƙinsa naɗe da waya. Asa ya san wayar nan, shi ya naɗa ta da hannunsa. Kaskon Mama ne, wanda ta yi ta cigiya har ta zargi matar maƙwabci. Tsakiyarsa ya lotsa ya tsage, ga dalmar harsashi ta baje a ciki.

Duk soja ya san ma'anar a aiko maka da kayan ɗan'uwanka. Haka ake yi wa mamaci: abin da ya bari a miƙa wa danginsa. Saje ya cire hularsa. Asa ya rungume kaskon, ya durƙushe cikin ruwan.

"Yaya! To zaman me kake yi a ruwa kamar agwagwa?"

Asa ya ɗaga kai. Ga Lemuel can yana gangarowa a hankali, dafe da haƙarƙari, ƙirjinsa ɗaure da tsumma, ya rame kamar kara, bakinsa har kunne.

"Na ce a fara aiko maka da shi ka ga ɓarnar da mutanenku suka yi! A jaka yake, rataye a ƙirjina. Haƙarƙarina sun karye, amma kaskon ne ya mutu. Ka nemo mini ɗan banzan da ya harbe shi, ya biya!"

Asa ya fashe da dariya haɗe da kuka. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, daɗin da bai taɓa jin irinsa ba tun da aka haife shi.

"Ni ne, Lem!" ya ce. "Ni na harbe ka!"

Lemuel ya tsaya, ya daɗe yana kallon wansa, murmushin ya tafi. Sai kuma ya girgiza kai.

"Ai na gan ka, Yaya. Wurinka na taho a guje, in ce maka ka kwanta kada harsashi ya same ka."

Daga bayan itatuwa wani ya yi fito: hafsa na tafe. Dogon ya kama hannun Lemuel yana ja, shi kuwa yana waiwaye yana ɗaga murya.

"Riƙe kaskon! Ka kai wa Mama, ka ce ni na sace, kai ka fasa!"

Saje ya cafki wuyan rigar Asa yana jansa zuwa tudu. Asa ya fizge, ya ɗaga kaskon sama, ruwa na zuba daga tsagar.

"Ba ni kai saƙon ɓarawo! Ka zo gida ka faɗa mata da bakinka!"