Saƙon Raihana ta Bakin Gwaggo Dije

A gidan Hajiya Baturiya da ke Tudun Wada, kowace Asabar bayan azahar mata huɗu kan zauna a tabarma su yi wasan karta mai suna birij. Hajiya, tsohuwar ungozoma, ta koyo shi a wurin wata likita 'yar Indiya da suka yi aiki tare. Ba a sa kuɗi. Biyun da suka faɗi su ne za su ɓare kwaryar gyaɗa kafin magariba, biyun da suka ci suna shan zoɓo suna kallo.

Tun da aka cire gyaɗa a bana, Hajiya ce ke ɓarewa.

Wasan na biyu-biyu ne. Kafin a jefa kati, abokan wasa kan yi kira su ɗauki alkawarin yawan cin da za su yi. Idan ɗaya ta kira zuciya ɗaya, wato jinsin kati mai zanen zuciya, abokiyarta ta ɗaga zuwa uku, wannan gayyata ce. Mai hannu mai ƙarfi, wato mai manyan kati, ta amsa da huɗu, alkawarin ci goma ke nan, makinsa kuma da yawa. Mai raunin hannu ta ce ta tsaya, a nemi ci tara a zauna lafiya.

Abokiyar Hajiya ita ce Raihana, matar ɗanta, malamar lissafi a makarantar 'yan mata. Babu wadda ta kai ta auna hannu. Sai dai ba ta taɓa ƙin gayyatar surukarta ba. Ko hannunta ya fi miyar da babu gishiri lami, za ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Hajiya, huɗu." Sannan su faɗi da ci ɗaya.

Hajiya ta yi mata bayani, ta yi lallashi, har ta ba ta umarnin ta riƙa ƙi. Raihana ta ce to. Asabar ta zagayo, ta sake amsawa. A gidansu na Kiru, in ji ta, ba a koya mata kallon idon uwar miji ta ce a'a ba. Hajiya kuma ta ce ba za ta lalata kiranta don kunyar wata ba.

Wadda ta fi cin ribar wannan tarbiyya ita ce Dije, taubashiyar Hajiya, mai wasa tare da autarta Shamsiyya. Shamsiyya kan ƙi gayyatar uwarta ba tare da ta ajiye raken da take sha ba. Dije ta shiga zuwa da gyaɗar gidanta ma, ta ce tunda baiwarta Baturiya ta ƙware a ɓara, kada a bar hannu ya huce. A wani suna har ta sanar da mata cewa mai neman injin ɓare gyaɗa ya je gidan ungozoma.

Asabar ɗin da ake magana, maki suka zo kai da kai, rabon ƙarshe ne zai raba gardama. Raihana ta kira zuciya ɗaya. Hajiya ta ɗaga zuwa uku, ta duƙufa kan katinta kamar mai jiran sakamakon awo.

Raihana ta dubi nata. Hannun da ƙyar ya isa buɗe kira ne: sarauniya biyu babu mai tsaronsu, zuciyoyin kuma ƙanana. Ta dubi babban yatsan Hajiya, wanda ya yi kanta saboda ɓarar gyaɗa. Dije ta riga ta tura kwaryar da ƙafa zuwa gefen taubashiyarta.

Sai Raihana ta gyara mayafi, ta juya wajen Dije, ta rusuna kamar wadda ta zo gaisuwa.

"Gwaggo, aike zan yi miki, in babu damuwa."

Dije, wadda ba a taɓa biki a unguwar ba tare da an aike ta ba, ta ce ai aikinta ne.

"Ki ba Hajiya haƙuri. Na ga gayyata, na gode, amma ba zan samu zuwa ba."

Dije ta ce wannan ba kira ba ne, sai dai Raihana ta faɗa da bakinta. Hajiya, ba ta ɗago ba, ta ce ita ba ta ji komai ba, tana jiran 'yar aike. Shamsiyya ta tuna wa uwarta cewa ita ce mai cewa wanda ya karɓi saƙo ya riƙe, ya ci amana.

Dije ta yi tsaki, ta juya. "Baturiya, surukarki ta ce ta tsaya."

"Ki ce mata na gode. Allah ya yi mata albarka."

Aka jefa kati. Sarauniyoyin nan biyu suka mutu kamar yadda Raihana ta auna. Ci tara suka yi, ba ƙari ba ragi.

Hajiya ta mayar da kwaryar da ƙafa, ta bi hanyar da ta zo. Rabin gyaɗar ta gidan Dije ce, saboda haka Hajiya ta ce ba a zalunci kowa ba. Tana zuba zoɓo, ta naɗa Dije 'yar aiken gidan ta dindindin. Dije ta ce ta yi murabus daga yau. Raihana kuwa ta matso ta sa hannu a kwaryar, domin ba za ta iya zama tana kallon Gwaggo tana aiki ba. Sai da Hajiya ta aiki Shamsiyya ta hana ta.