Nokawut Uku

Ranar Talata ce, an tashi da yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana sa matakalun tudunmu su yi santsi. Ƙarfe tara ina tsaye a bakin lungu ba riga, sarƙar gwal ta ƙarya a wuyana, wata mata tana liƙa mini 'yar jakar jinin ƙarya a ƙirji.

"Josimar, sau nawa ka mutu jiya?" in ji Tonho, abokina, yana gyara bindigar roba a ƙugunsa.

"Sau biyu."

"Ni huɗu. Na fi ka ci gaba a harkar fim, yaro."

Mako biyu ke nan da 'yan fim suka hawo tudunmu da manyan motoci da fitilu. Fim ne a kan rundunar 'yan sanda ta musamman, masu baƙaƙen kaya, waɗanda suke shigo mana cikin mota mai sulke. Jaruman daga unguwannin bakin teku aka kawo su, fatarsu luwai-luwai. Mu kuwa an ɗauke mu mu riƙa gudu, a harbe mu, mu faɗi. Shekarata goma sha tara. Na bar makaranta tun aji biyu na sakandare, na yi wankin mota, na yi acaɓa, na sayar da ruwan sanyi a bakin teku, ba wanda na yi wata uku ina yi. Wannan ne karo na farko da wani ya dube ni ya ce fuskata tana da amfani.

Mama ba ta sani ba. Ranar da motocin suka iso ta tsaya da cokali a hannu ta ce mini, "In dai ni na haife ka, kada ƙafarka ta taka wurin mutanen nan." Na ce to.

Ba sai ta faɗi dalili ba. Shekara uku da suka wuce masu baƙaƙen kaya na gaske sun harbe yayana Edivaldo a matakalar bayan shagon Baba Benedito, yana dawowa daga gidan burodin da yake aiki, garin fulawa bai ma bar gashin hannunsa ba. A takardarsu suka rubuta cewa yana riƙe da bindiga. Tun daga ranar Mama take yawon ofisoshi tare da wasu iyaye mata, ba abin da take nema sai a goge kalmar nan daga sunan ɗanta.

* * *

Daraktan sunansa Otávio, mai gemu da tattausar murya. Kwana uku kafin Talatar na ji yana ƙorafi cewa lungunan da aka nuna masa sun yi tsabta da yawa, shi gaskiya yake nema. Ban san abin da ya tura ni ba. Na matsa na ce, "Oga, na san wani wuri."

Na kai shi matakalar. Na nuna masa ramukan harsashi a bango, na nuna inda mutum yake faɗuwa da inda kansa yake bugawa. Ya tambaye ni yadda aka yi na sani. Na gaya masa. Ya dafa kafaɗata, idonsa ya kawo ruwa, sannan ya juya ya kira mai kyamara ya zo ya ga yadda haske yake sauka a wurin. Ya ce ni zan yi fitowar, ni kaɗai, har da magana layi ɗaya. A hanyar gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Safiyar Talatar ma ni na ƙara da nawa. Ƙungiyar unguwa ta sanar a lasifika cewa za a ji harbin ƙarya a lungun Baba Benedito, kada kowa ya tsorata. Mama ta fita aiki tun bakwai, na tabbatar. Ana shirin farawa na ce, "Oga, a nan ba haka ake yi ba. Kafin masu baƙaƙen kaya su iso, yaran da suke gadin tudu suna harba nokawut uku sama, abin fashewar nan na wasan wuta. Ta haka kowa yake sanin sun shigo."

"Kana da shi?"

Akwai ragowar waɗanda ake harbawa a murnar wasan ƙwallo a shagon da ke bakin matakalar. Baba Benedito ya riƙe kwalin bai saki ba.

"Ɗan Zuleide, ka san abin da wannan yake nufi a nan."

"Baba, ai an sanar a lasifika."

"An sanar da bindiga. Wa ya sanar da wannan?"

Na fizge kwalin ina dariya. Ni na kunna da hannuna.

Fa! Fa! Fa!

Tudun ya amsa kafin hayaƙin ya watse. Ƙofofin shaguna suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya, 'yan acaɓa suka watse, rediyoyi suka mutu, wata uwa can sama tana ƙwala wa ɗanta kira. A makarantar firamare, daga baya na ji, malamai sun kwantar da yara a ƙasa suna sa su waƙa don kada su yi kuka. Otávio ya ɗaga kai yana sauraren shirun da ya biyo baya, ya ce, "Ka ji abin da nake nema. A fara!"

Na yi gudu kamar yadda aka koya mini. Jarumin ya ɓullo da baƙaƙen kaya, fuska a rufe. Jakar ƙirjina ta fashe, na faɗi a daidai wurin, bindigar roba ta zame gefen hannuna. An gaya mini sau uku cewa kada in motsa, kada in buɗe ido, sai na ji darakta ya ce a tsaya.

Sai na ji takun silifa yana hawowa.

Yayyafi ya hana bas zuwa, Mama tana tashar gindin tudu fiye da awa biyu. Tana jin nokawut ta juyo. Kowa yana gangarawa, ita tana hawa, tana kaɗa farin tawul ɗin aikinta sama kamar yadda matanmu suke yi don kada a harbe su. Ta faɗi sau biyu a hanya.

"Edi! Edi!" Sai muryar ta karye. "Josi! Wayyo Josi! Ma'aikaci ne, ku bar shi, ma'aikaci ne!"

Ta faɗo kaina. Na ji nauyinta, na ji warin sabulun wankinta, na ji tana danna tawul a ƙirjina don ta tsai da jinin. Na san muryar tun kiran farko. Amma Otávio bai ce a tsaya ba. Ina jin kyamara tana matsowa a kan tayoyinta, kuma wani abu a cikina yana cewa wannan fitowar ba za a yanke ta ba, duk ƙasar nan za ta ga fuskata. Na riƙe numfashi. Na ci gaba da mutuwa.

Tonho ne ya yi ihu. "Kai ɗan iska, tashi! Uwarka ce!"

Na buɗe ido. "Mama, fim ne."

Ta dube ni. Ta dubi hannuwanta, ta kai ɗaya hanci. Jinin ƙamshin alewa yake yi. Ta dubi bindigar da ke gefena, ta daɗe tana dubanta fiye da yadda ta dube ni. Jarumin ya cire abin fuskarsa yana cewa, "Baiwar Allah... uwa, yi haƙuri," ta ratsa ta gefensa kamar turke ne. Wata yarinya daga cikin 'yan fim ta bi ta da takarda da biro, wai in za ta yarda a yi amfani da hoton. Mama ba ta waiwaya ba. Hannunta na dama yana lilo yadda bai kamata ba.

* * *

Tsintsiyar hannun ta tsage a faɗuwa ta biyu. Da yamma muka dawo daga asibiti, an naɗe shi har gwiwar hannu. Ta zauna a bakin gado. Na ɗora shinkafa da wake, na ƙona waken.

"Wa ya nuna musu wurin?" ta tambaya.

"Ni."

"Nokawut fa?"

"Ni."

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata kuɗin bas. "Ka ji muryata?"

Na so in ce fitilu da harbi sun toshe mini kunne. Na ce, "Na ji."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Na kira Edi a wurin nan bai amsa ba," in ji ta, "don ba zai iya ba." Ta kwanta ta juya fuska bango. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa.

Fim ɗin ya fito bayan shekara. Tunda ta ƙi sa hannu, sun samo wata 'yar wasa ta saka silifa ta kaɗa farin tawul, ta kwaikwayi komai har karyewar muryar. An ce ta ci kyauta. Na je silima ni kaɗai, na zauna a layin ƙarshe. Da jarumin ya harbe ni, mutane suka yi tafi. Wani mutum a gabana ya ce wa matarsa, "Haka ake maganinsu."

A tudunmu kowa ya gane matakalar, kowa ya gane fuskar, don ni da Edi kamarmu ɗaya. Yaran da ba su yi wayo ba lokacin da aka kashe shi suna nuna wa juna fitowar a waya. Ran nan na ji ɗaya yana gaya wa ɗan'uwansa a gaban shagon Baba Benedito cewa ɗan Zuleide ai da bindiga ya mutu, shi ya gani da idonsa.

Mama tana zuba mini abinci har yanzu, da hannun hagu. Ba ta ci tare da ni.

Na zauna na ƙirga. Yara ɗari uku sun rasa karatun yini guda. Mama ta rasa aikin gidan da ta yi shekara goma sha ɗaya tana yi, da ƙarfin yatsu biyu. Iyaye mata biyu sun daina biyo mata in za su ofis. Edivaldo ya rasa sunansa a karo na biyu. Fitowata a fim ɗin daƙiƙa goma sha huɗu ce.