Kan Gwanda Ya Dawo Aski

Tsohon mai askin layinmu bai taɓa riƙe sunan kowa ba. Kanka zai duba ya raɗa maka wanda ya ga dama: Kunnen Zomo, Ƙeyar Tulu. Ni ya ce Kan Gwanda, sunan da na sha dambe a kansa har na bar unguwar.

Sai da furfura na dawo. A ofis Yallaɓai nake, a gida Baban yara, kuma duk wanda ya kira ni, da buƙatarsa ya zo. Na yi sallama a shagon askin na zauna. Idon tsohon ya yi rauni, bai gane ni ba.

Fanka na juyawa a hankali, almakashi na ƙas-ƙas, barci ya fara fizgata. Sai ga ni yaro, ƙafafuna ba sa kai ƙasa, marigayi mahaifina na zaune a benci yana jirana.

Tafin hannun tsohon ya bi ƙeyata, ya tsaya.

"Kan Gwanda," ya ce, "har yanzu gyangyaɗin nan?"

"Na'am, Baba."

Na ƙi buɗe ido, kada in tarar da bencin babu kowa.